Zan kai Hajiya Istanbul: otal a Sultanahmet ko mu zauna Laleli?

Baban Ummi: Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Watan Mayu in Allah ya kai mu zan shiga Istanbul sari kamar yadda na saba, sai dai wannan karon da Hajiyarmu zan tafi da kuma uwargida, Hajiya ta daɗe tana min maganar tana so ta yi sallah a Aya Sofiya ta kuma ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari. Ni dai kun san Laleli, unguwar 'yan sari, nake sauka, ɗaki ne kawai in jibge kaya in kwanta. To wani ejan ya turo min hotunan wani otal a Sultanahmet, unguwar da Aya Sofiya take, tsohon gida ne aka gyara, ga dardumai ga fitilu ga wajen karyawa a saman bene kana hangen masallatan nan biyu, Aya Sofiya da na Sultan Ahmad, da teku, wlh ya haɗu ba ƙarya, amma kuɗin dare ɗaya ya kusa na dare uku a inda na saba kuma ɗaki biyu zan kama. Waɗanda suka taɓa sauka can, ya ci kuɗinsa ko hoto ne kawai?

Hajiyar Kwari: Wa alaikumus salam. Ɗana rufa wa kanka asiri. Daga Laleli zuwa Sultanahmet tasha uku ce a tiram, Beyazit, Cemberlitas, sai ka sauka. Tasha uku fa. A kan tasha uku za ka ƙona kuɗin dila guda ta abaya? Ka nemi otal mai tsabta a nan Lalelin, akwai su manya masu lifta biyu, ku ci ku ƙoshi ku hau tiram ku je ku ga masallaci ku dawo. Masallacin ai ba guduwa zai yi ba.

Alhaji Kago: Hajiya ta gama magana. Kuma ka tuna kayanka, duk ofisoshin kago suna Laleli da Aksaray, wa zai ɗauko maka buhuna ya kai wancan lungun?

Maman Sadik: A'a Hajiya, da girmanki amma ban yarda ba 😄 Ni na sauka a duka biyun kuma wlh ba ɗaya ba ne. Laleli kasuwa ce, tun safe ƙarar amalanke da salatif ɗin masu ɗaure kaya, ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai bangon wani shagon. Mu a Sultanahmet abin da ya tsaya min a rai kiran sallar asuba ne, ladanin Masallacin Sultan Ahmad ya ja ya yi shiru sai na Aya Sofiya ya amsa, haka suke yi suna karɓa-karɓa har su gama, kana kwance a ɗaki kana ji kamar a tsakar gidanku ake yi, mu ka yi alwala mu ka fita da ƙafa ko minti biyar ba mu yi ba muna cikin sahu. Kuma lokacin filin nan fayau yake ba kowa sai masallata da kyanwoyi. Ƙarfe goma na safe ka dawo wajen ba za ka gane shi ba, layin 'yan yawon buɗe ido har ya zagaye. Wanda ya zo a tiram da hantsi wannan cunkoson kaɗai zai gani ya ce ai ya ga Sultanahmet.

Hajiyar Kwari: To ya tashi da asubar ya hau tiram ɗin mana, wa ya hana shi

Ɗalibin Fatih: Hajiya a nan ne gizo ke saƙar. Ni nan nake karatu, tiram ɗin T1 sai ƙarfe shida na safe yake fara aiki ya tsaya sha biyun dare. A watan Mayu kuwa kafin shida rana ta riga ta fito. Su nan Hanafiyya ne suna ɗan jinkirta jam'in asuba sai gari ya fara haske, amma duk da haka an idar kafin tiram na farko ya taso. Da a ce Disamba ko Janairu Yaya zai zo da na goyi bayanki ɗari bisa ɗari, don lokacin rana sai bayan takwas take fitowa, ka hau tiram ka samu asuba hankali kwance. A Mayu sai dai tasi ko ƙafa, ƙafar kuma wajen kilomita biyu ce.

Baban Ummi: Kai ƙanina Allah ya yi maka albarka, wannan ban taɓa lissafa shi ba. Hajiyarmu kam kilomita biyu ba zai yiwu ba, gwiwa na damunta.

Ɗalibin Fatih: To tunda ka ambaci gwiwa Yaya tsaya kar ka tura kuɗi tukuna. Ba duk otal ɗin da ya rubuta Sultanahmet a sunansa ne yake kan filin ba. Unguwar a kan tudu take, daga bayan masallacin ƙasa ta gangara har bakin tekun Marmara, wajen Cankurtaran da Kucuk Ayasofya, otal ɗin da ke can ƙasa a taswira za ka ga mita ɗari biyar amma hawa ne, kuma titunan duwatsu ne aka jera ba kwalta ba, ga santsi in an yi ruwa. Na biyu lifta. Da yawa cikin tsofaffin gidajen nan hukuma ba ta barin a taɓa fasalinsu yadda aka ga dama saboda yankin na cikin jerin UNESCO tun 1985, wani ba lifta sam, wani akwai amma mutum biyu ta cika, wani kuma liftar ta tsaya a hawa na uku sai ka ƙarasa saman benen da ake karyawa da ƙafa ta wata matattakala mai murɗewa. Wato daidai wajen da ya burge ka a hoto shi ne Hajiya ba za ta iya hawa ba. Ka sa ejan ɗin ya tambaye su a rubuce, lifta tana kaiwa har sama? mota tana zuwa har ƙofa? ɗakin murabba'in mita nawa ne?

Maman Sadik: Wannan gsky ne, ɗakunan ƙanana ne. Namu in ka buɗe akwati biyu sai dai ka tsallaka. Amma gadon da tawul da komai fes, banɗakin marmara har bango, kuma yaran resefshan ɗin akwai ladabi, da ka shigo za a miƙo maka shayi a ɗan kofin nan nasu mai ƙugu.

Hajiyar Kwari: Kin ji ko. Ki biya ninki uku ki tsallaka akwati. Shayin nan ko shagon da ban sayi komai ba a Laleli sai sun ba ni 😂

Ɗan Fagge: Ni tambayata ɗaya ce, akwai buta?

Ɗalibin Fatih: 😂😂 Ba buta amma kwantar da hankalinka, kusan duk masan Turkiyya akwai ɗan bututun ruwa a jikinsa ta baya, famfonsa na gefe a bango. Daga otal mai tauraro biyar har tashar mota haka ne. Wannan ba Turai ba ce da za ka dinga yawo da gorar ruwa.

Ɗan Fagge: Shikenan sun wuce jarabawa.

Ticha: Ku bar ni in sa baki. Ni ina ganin lissafin da ake yi na tasha uku da faɗin ɗaki bai kama abin da Hajiya ta roƙa ba. Baiwar Allah nan ba ɗaki ta ce tana so ba. Aya Sofiya ginin shekarar 537 ne, zamanin sarki Justinian, ya yi shekara sama da 900 yana coci kafin Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453 ya mai da shi masallaci, a 1934 gwamnatin Ataturk ta mai da shi gidan tarihi, sai a Yulin 2020 aka dawo da sallah. Wato shekara 86 ba a jam'i a ciki, iyayenmu da suka je a da sai dai su kalla su fito. Wanda ke fuskantarsa, mai hasumiya shida da Turawa ke ce wa Blue Mosque, an fara shi 1609. Bayan Aya Sofiya kaɗan fadar Topkapi ce, nan ne ɗakin da aka ajiye kayan da ake jingina wa Manzon Allah SAW da sahabbai, mayafi da takubba, waɗanda aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, kuma ana karatun Alƙur'ani a wajen ba dare ba rana. Duk waɗannan a fili ɗaya suke. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya haɗa su a yini guda ba, abin da take buƙata shi ne ta shiga ɗaya ta gaji ta koma ɗaki ta miƙe ƙafa, la'asar ta sake fitowa. Wannan komawar ita ake saya. Daga Laleli in ka fito ka fito ke nan, don ba wanda zai sa uwarsa ta yi ta kokawa da tiram ɗin nan sau huɗu a rana, kun san yadda yake cika.

Ticha: Af, kuma mu ma muna da tsohuwar alaƙa da fadar nan. Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu wajen Sultan Murad na uku a shekarun 1570, amsoshin da aka rubuta masa suna nan a kundin Usmaniyya. Kakanninmu Santambul suke ce wa garin.

Ɗan Fagge: Ticha an samu aji 😂 saura jarabawa

Hajiyar Kwari: Malam duk na ji tarihin kuma na ƙaru. Amma yaron nan da jarinsa zai je, dala kuma kun san inda take. Ni tsorona kar a je a burge Hajiya sati guda a dawo shago ya yi wata uku yana tari. Ita kanta in ta ji kuɗin wlh ba za ta iya barci a ɗakin ba, na san iyayenmu.

Baban Ummi: Wannan kam kin faɗi gsky Hajiya, in ta ji sai ta ce a mayar a ba marayu 😅 ba zan faɗa mata ba

Ustaz: Almubazzaranci shi ne kashewa inda bai dace ba ko fiye da ƙarfin mutum. In da hali, abin da aka kashe don sauƙaƙa wa mahaifiya ba ya cikin wannan, in kuma sai an ci bashi ko an taɓa kuɗin mutane to a haƙura. Shi ya san aljihunsa. Abin da zan ƙara, ka bincika maganar giya, da yawan otal-otal ɗin unguwar suna sayarwa a saman benen da daddare, wasu har cikin ɗan firjin ɗaki suke jerawa. Kana iya cewa a kwashe kafin ku iso, suna yi. Akwai kuma waɗanda ba sa sayarwa gaba ɗaya. Batun kayan Topkapi kuma a je a gani a yi salati, banda shafa gilashi da neman tabarruki.

Ɗalibin Fatih: Ustaz ya tuna min, ka guji otal ɗin da ke kan titin Akbiyik ko wanda tagarsa ke kallonsa, gidajen cin abinci da mashaya ne a jere, kiɗa har tsakar dare. Lungu ɗaya ka matsa sai ka ji tsit.

Alhaji Kago: Ni fa har yanzu ba a ba ni amsar kaya ba

Maman Sadik: Alhaji ai ba a kai kaya otal yanzu, shago ne ke tura wa kago kai tsaye da lambarka, kai da kanka ka sani 😄 so kake dai ya zauna kusa da ofishinku

Alhaji Kago: To laifi ne? 😂

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ina bin zancen tun ɗazu, abin da ya ba ni haushi shi ne mu ma muna da irin wannan amma ba mu ɗauke shi bakin komi ba. A Agadas daura da babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 akwai Otel de l'Aïr, gidan da aka gina ma Kawsan, jagoran Buzaye, ne aka maida masauki, ka hau soro hasumiyar na gabanka. UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerinta a 2013. Da can Turawa cike suke da wurin kafin matsalar tsaro ta kore su. Turkawa sun gane tsohon gida kuɗi ne, mu ko rushewa muke mu zuba siminti.

Ticha: Ka taɓo inda ke min ciwo. Duk cikin ganuwar Kano, daga Kurmi zuwa Gidan Makama zuwa Dala, ina baƙo zai samu tsohon gidan ƙasa mai zaure da dagi da aka gyara ya kwana? Manyan otal duk suna waje, Nasarawa da Bompai. Baƙo ya zo da rana a mota ya ɗau hoto a Ƙofar Mata ya gudu. Ganuwar ma da ake magana kullum cinye ta ake.

Ɗan Fagge: Ticha ka buɗe otal a cikin gari ka ga yadda 'yan unguwa za su yi da kai, kafin ka kafa allo an kai ƙararka wajen mai unguwa. Mu a wajenmu kalmar otal ɗin ce ma matsala

Admin: Jama'a a dawo kan maganar Baban Ummi, ta ganuwa a buɗe mata nata zaren.

Anti Balki: Ni nawa gargaɗin daban ne. Mun taɓa kama irin gidan nan na katako ta wajen wani ejan, hoton da ya nuna mana ɗaki ne mai taga biyu ana hangen teku, da muka je sai aka kai mu ɗakin ƙasa can ciki tagarsa na kallon bango, muka yi magana suka ce ai ejan ɗinku mafi arha ya biya, mai kallon teku sai an ƙara kusan rabin kuɗin kuma ma a cike yake, ga shi mun iso da sassafe suka ce ɗaki sai ƙarfe biyun rana, muka zauna a falo da yara muna gyangyaɗi. Kuma katako ne, wanda ke samanka in ya taka kana ji. Don haka Baban Ummi sunan ɗakin za ka sa a rubuta maka a takarda ba sunan otal kaɗai ba, in kuma jirginku da safe zai sauka ka roƙi su ba ku ɗaki da wuri ko ka biya daren da ya gabata saboda Hajiya. Sannan ka duba hanyar fita in wani abu ya faru, tun gobarar otal ɗin nan ta Bolu a Turkiyya a Janairun 2025 da ta ci mutum 78 ni duk inda na sauka sai na fara neman matattakala.

Baban Ummi: Innalillahi. Na gode Anti, wannan ma zan tambaya.

Ɗan Fagge: Wai ni da gaske ne akwai wanda gidan yari ne a da?

Ɗalibin Fatih: Da gaske. Four Seasons na Sultanahmet, ginin ruwan ɗorawa da ke kusa da Aya Sofiya, kurkuku ne da aka gina wajen 1918, an tsare marubuta da 'yan siyasa da dama a ciki, a 1996 aka buɗe shi a matsayin otal. Ɗaki sittin da 'yan kai ne kawai, filin da fursunoni ke shan iska shi ne lambun da ake cin abinci yanzu. Yana cikin mafi tsada a garin.

Ɗan Fagge: Ikon Allah. Da kyauta ake kwana a ciki har da abinci, yanzu sai ka sai da fili 😂😂

Hajiyar Kwari: Kai dai Allah ya shirye ka

Maman Sadik: Maganar abinci kuma ka shirya wa Hajiya. Karin safensu zaitun ne da cuku kala-kala da tumatir da kokwamba da zuma da ƙwai da burodi, ranar farko za ta ce ma sha Allah, rana ta uku za ta fara tambayar koko. Ku tafi da garin kunu da yaji da ɗan kilishi in za a bari ya wuce, akwai butar dafa ruwa a ɗaki. Kuma kar ku ci abincin rana a gidajen da ke bakin filin masu yaro a ƙofa yana kiran mutane, tsada ce kawai. Ku ɗan shiga ciki wajen Sirkeci ku nemi lokanta irin wadda ma'aikata ke ci, ka nuna da yatsa a zuba maka, miyar adas ɗinsu da shinkafa da wake Hajiya za ta iya ci. In kwaɗayin gida ya taso akwai gidajen abincin 'yan Afirka wajen Aksaray da Kumkapi. A saman benen kuma ku kula da tsuntsayen tekun nan, ka juya kai sun ɗauke burodin.

Hajiyar Kwari: Kun gani, ƙarshe dai Aksaray za a dawo neman tuwo. To ni ga tawa shawarar ta ƙarshe tunda na ga kun rinjaye ni. A raba. Dare uku na farko ku yi a Sultanahmet ɗin, kai ma ka ajiye waya ka bi uwarka masallaci, ranar ta huɗu ku tattara ku dawo Laleli ka yi sarinka, su kuma ga Masallacin Laleli nan a bakin titi ga Masallacin Sulaimaniyya ba nisa, matarka ma ta samu ta shiga kasuwa.

Anti Balki: Sauya otal da tsohuwa wahala ne fa Hajiya, a kwance kaya a sake ɗaurewa

Hajiyar Kwari: Akwati biyu ne, ba ƙaura za su yi ba

Ticha: Ni na yarda da rabawar, amma da zan juya ta. Sari tukuna, Sultanahmet a ƙarshe. In ya fara da can hankalinsa na kan kasuwa, kuma wanda ya kwana uku yana kallon teku ka mai da shi Laleli ai ka ɓata masa tafiyar.

Hajiyar Kwari: Malam ba ka san ɗan kasuwa ba. In ya fara shiga Laleli da dala a aljihu ko ta shayi ba za ta rage ba balle ta otal 😂 a fara da Hajiya

Baban Ummi: Wlh Hajiya kamar kin shiga zuciyata 😂 Shikenan na tsaya a kan haka, dare uku can sauran a Laleli. Na tura wa ejan tambayoyin, lifta har sama, mota har ƙofa, sunan ɗaki a rubuce, a kwashe kayan firji. In ya kasa amsawa in nemi wani. Ƙanina wace rana ta fi dacewa mu fara?

Ɗalibin Fatih: Ka daidaita yadda Talata ba za ta cinye muku ba don Topkapi a rufe take ran Talata, babbar kasuwar Kapalicarsi kuma Lahadi. Juma'a in kuna son Aya Sofiya ku fita da wuri sosai, cika take har waje. Masu yawon kallo tun Janairun 2024 ƙofarsu daban, yuro 25 suke biya su hau sama, amma wanda ya zo sallah a lokacin sallah ba ya biyan komai, ku bi ƙofar masallata kawai. Ziyarar Abu Ayyuba kuma sauƙi gare ta, tiram T1 zuwa tashar Eminonu sai ku canja zuwa tiram T5 ku sauka a Eyupsultan, kati ɗaya na Istanbulkart ya ishe ku ku ukun. Sannan duk abin da za ka kama ta manhajar Booking ka gama shi tun kana gida har da na Lalelin, in ka shigo ƙasar ba ya bari ka kama otal ɗin Turkiyya, tun 2017 kotu ta hana.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Zan neme ka ta akwati in ranar ta matso.

Alhaji Kago: In ka dawo Laleli ka biyo ofis, kilo ya ɗan sauka wannan watan.